Abin da Ya Kamata Uwa Ma'aikaciya Ta Duba Kafin Ta Sayi Na'urar Tatsar Nono

Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun UNICEF sun ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har tsawon wata 6, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci zuwa shekara 2 ko fiye. Sai dai Dokar Ƙwadago ta Nijeriya mako 12 kawai ta tanadar wa mace na hutun haihuwa. Ke nan mata da yawa kan koma bakin aiki jaririnsu bai kai ga fara cin abinci ba. A nan ne na'urar tatsar nono mai aiki da lantarki ke da amfani, domin nonon da ba a cirewa a kai a kai raguwa yake yi, har ya kai ga kafewa.

Abu na farko shi ne lokaci. Dokar ta bai wa mai shayarwa hutun rabin awa sau biyu a ranar aiki. Na'ura mai tatsar nono biyu lokaci guda kan gama cikin minti 15 zuwa 20, alhali mai baki ɗaya na buƙatar kusan ninkin haka. Wadda ke wuni a ofis ko asibiti ko makaranta, mai baki biyu ta fi dacewa da ita.

Na biyu, wutar lantarki. A ƙasar da ɗauke wuta ya zama ruwan dare, na'urar da sai an jona ta a bango za ta iya tsayawa ana tsakiyar aiki. Gara mai batirin da ake caji. Idan daga Amurka aka kawo ta, a karanta rubutun da ke jikin cajar: wutar can ba ta wuce volt 120 ba, ta Nijeriya kuwa 230 ce, kuma rashin lura da wannan kan ƙona na'urar.

Na uku shi ne wanda aka fi sakaci da shi: girman mazurarin da ake ɗorawa a kan nono. Yawancin na'urori na zuwa ne da mai faɗin milimita 24, amma halittar mata ba ɗaya ba ce. Idan ya matse, yakan goge fata har ta tsage; idan ya yi faɗi, yakan ja naman da ke kewaye, nono kuma ya ƙi fita sosai. Bai kamata tatsa ta yi zafi ba. Wadda ta ji ciwo ta rage ƙarfin zuƙar, ta nemi shawarar ungozoma ko ma'aikaciyar jinya.

Ta fuskar tsafta, an fi son na'urar da ke da shamaki tsakanin nono da bututun iska, don kada danshi ya shiga ya haifar da fumfuna. Saboda haka sayen ta gwanjo na da haɗari. Haka kuma a tabbatar ana samun ƙananan robobinta a kasuwa, domin su ne ke fara lalacewa. Bayan kowace tatsa, a wanke duk sassan da suka taɓa nono da ruwa mai tsafta da sabulu, a bar su su bushe.

Ajiya ma na cikin lissafi. Nonon da aka tatsa kan kai awa 4 a ɗakin da zafinsa bai haura digiri 25 ba, kwana 4 a firji, awa 24 a cikin kula mai ƙanƙara. Da yake zafin yawancin garuruwan ƙasar nan ya zarce haka, ƙaramar kula ta zama tilas ga mai tatsa a wurin aiki. Idan za a ba jariri, a ɗumama shi ta hanyar tsoma mazubin cikin ruwan ɗumi, ba a ɗora shi a wuta ba.

Wadda kuɗinta bai kai ba kada ta karaya. Na'urar hannu na biyan buƙata, kuma ana koyar da tatsa da tafin hannu a asibitocin awon ciki.