Ma'aunin Karatu Ɗaya da Ya Raba Kan Amurkawa

A Amurka, tsara abin da yara za su koya hurumin jihohi ne da hukumomin ilimi na yankuna, gwamnatin tarayya ba ta da ta cewa. Dokar da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a 2002 ta wajabta jarrabawa duk shekara daga aji uku zuwa takwas, amma ta bar kowace jiha ta yanke makin da za a ce yaro ya ci. Wasu jihohin sai suka sassauta makin don sakamakonsu ya yi kyau a takarda.

Wannan ɓaraka ce ta sa ƙungiyar gwamnoni da ta shugabannin ilimi na jihohi suka fito da Common Core a 2010: jerin abubuwan da ya kamata yaro ya iya a lissafi da Turanci a ƙarshen kowane aji. Jihohi fiye da 40 suka rungume shi. Texas, Virginia, Alaska da Nebraska suka ce a kai kasuwa.

Da farko kamar an dace. Sai kuɗi ya shigo. Gwamnatin Obama ta ware dala biliyan 4.35 ta ce jihohi su yi takarar samu, kuma karɓar irin wannan ma'auni yana ƙara wa jiha maki. Masu ra'ayin mazan jiya suka ce Washington ta shigo aji ta bayan gida.

Iyaye kuwa a teburin aikin gida suka gamu da abin. Uba ya saba cire 18 daga 32 ta hanyar aro. Ɗansa sai ya zana layi: daga 18 zuwa 20 biyu, zuwa 30 goma, zuwa 32 biyu, jimla 14. Amsa ɗaya ce, kuma dabarar ba ta da laifi, 'yan kasuwa haka suke ba da canji. Matsalar ita ce kamfanonin littattafai da dama sun manna tambarin Common Core a kan kayan da aka haɗa cikin gaggawa, malamai ma ba su samu isasshen horo ba.

A ganina, abin da ya fi ɓata lamarin shi ne ɗaura aikin malami a kan makin ɗalibansa tun kafin sabon tsarin ya zauna. A jihar New York, a 2013, kusan kashi 31 cikin ɗari ne kawai suka ci sabuwar jarrabawar. A 2015 iyayen kusan kashi 20 cikin ɗari na ɗaliban suka hana 'ya'yansu zama jarrabawar.

Indiana ta janye daga Common Core a 2014, Oklahoma da South Carolina suka bi sahu. A Disambar 2015 majalisar dokokin tarayya ta yi dokar da ta hana gwamnatin tarayya tursasa wa jiha wani ma'auni. Sai dai jihohi da yawa da suka ce sun yi watsi da Common Core sun dai canza wa tuwo suna ne, gyare-gyare kaɗan suka yi. Jarrabawar shekara-shekara kuma tana nan daram, don sabuwar dokar ba ta soke ta ba.