Cinikin Biri a Sama: Yadda 'Yan Damfara Ke Farautar Masu Saye da Sayarwa a Intanet

A kasuwar Wagini, kamar sauran kasuwannin ƙaramar hukumar Batsari, ba a sayen tunkiya sai an taɓa ta. Mai saye zai buɗe bakinta ya duba haƙora, ya shafa gadon bayanta, ya ja ta ta ɗan taka. Dillali na tsaye a tsakani. Ya san mai dabbar, ya san ƙauyensu, kuma idan gobe ta bayyana cewa ta sata ce, shi za a fara nema. La'adar da yake karɓa kuɗin wannan lamunin ne.

Matashin da ya tashi yana ganin wannan tsari shi ne yau ke zaune a shagon caji yana duba tallan waya a Facebook Marketplace, ko a Jiji, ko a wani zauren WhatsApp na saye da sayarwa. Kayan na Kano ko Legas. Mai kayan ba a san shi ba, babu dillali, babu shaida, babu sarkin kasuwa da za a kai wa ƙara. Hoto ne kawai da lambar waya da lambar asusu. Wannan giɓin shi ne jarin ɗan damfara.

Abin da ya tura mutane kan waya

Yankin Batsari da Safana yana bakin dajin Rugu, kuma kowa ya san abin da matsalar tsaro ta yi wa harkar kasuwa a nan. A ƙarshen watan Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da sayar da dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, har da Batsari da Safana. A watan Satumba aka katse layukan sadarwa a yankin, sai bayan watanni aka maido. Sannan a farkon 2023 canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi a faɗin ƙasa. A lokacin ne mutane da dama da ba su taɓa yin tiransifa ba suka buɗe asusu a OPay ko PalmPay, saboda babu wata hanyar sayen ko da kwanon masara.

Ga kuma hanya. Wanda ke son waya mai kyau da araha sai ya yi tunanin kuɗin mota zuwa Katsina, ko zuwa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, da kuma fargabar tafiyar kanta. Idan wani ya ce masa zai sa kayan a mota su iske shi har tasha, maganar tana da daɗin ji. Ɗan damfara ya san haka, kuma mai saye na nesa shi ya fi so, domin ba zai taɓa cewa ga shi nan zuwa ya gani ba.

Ya kamata a fahimci yadda waɗannan shafuka suke. Jiji, wanda aka kafa a Legas a 2014 kuma ya saye harkokin OLX na Najeriya a 2019, allon talla ne. Ba shi da kayan, kuma a cinikin yau da kullum kuɗi ba ta hannunsa suke bi ba. Haka Facebook Marketplace yake. Shi kansa Jiji yana rubuta gargaɗi kusa da talla cewa kada a biya kuɗi kafin a ga kaya, ko da na kawowa ne. Mutane da yawa ba sa karanta wajen, idonsu na kan farashi.

Kafin alƙalami da kuɗin mota

Damfarar da ta fi yawa ba ta da wani siddabaru. Misali, wayar da ake sayarwa naira dubu 150 a shago sai a gan ta a dubu 85, da hotuna masu kyau da bayanin cewa mai ita yana cikin matsi ne. Da an kira, sai a ji mutum mai ladabi, wani lokacin ma da Hausa ras, yana haɗawa da rantsuwa. Zai ce mutum uku sun riga sun taya, amma idan aka turo kafin alƙalami zai ajiye. Ko ya ce ba sai an biya kuɗin wayar ba, na mota kawai za a turo, sauran sai kaya sun iso.

Da an tura na farko, sai buƙata ta biyu ta taso. Direba ya kira, wai an tsare su a shingen jami'ai ana neman wani abu. Direban abokin aikinsa ne, ko kuma shi ne da wani layin. Mai saye ya riga ya zuba dubu 10, yana jin asara ce ya tsaya a nan, sai ya ƙara. A haka ake tatsarsa har ranar da lambar za ta daina shiga.

Akwai masu fakewa da sunan kwastam, suna tallan motoci da babura da shinkafa da aka kama, wai ana gwanjonsu, har da hoton mutum cikin kaki. Hukumar Kwastam ta Najeriya ta sha yin gargaɗi a kan wannan. Gwanjonta na da shafinsa na hukuma, wanda sai an yi rajista da lambar biyan haraji ta TIN, kuma ba a biyan kuɗinsa a asusun wani mutum ta hanyar hira a Facebook.

Dillalin ƙarya

Wadda ta fi wuyar ganewa ita ce damfarar da ake haɗa mutum biyu masu gaskiya a cuce su a lokaci guda. Ɗan damfara zai ga tallan gaske, a ce wani ya sa babur ɗinsa a kasuwa. Sai ya kwafi hotunan ya sake tallata su da lambarsa a farashi mai rahusa. Idan mai saye ya kira, sai ya ce masa babur ɗin na wajen ƙanensa, ya je ya duba, amma kada ya yi maganar kuɗi da yaron. Shi kuma mai babur na ainihi sai a kira shi a ce ga wani yaro nan zai zo dubawa a madadin maigidansa, kada a tattauna farashi da shi.

Mai saye ya je, ya ga babur da idonsa, ya hau ya zagaya, hankalinsa ya kwanta. Sai ya tura kuɗi zuwa asusun da aka ba shi a waya. Ya miƙa hannu a ba shi makulli, mai babur ya ce shi bai ga ko sisi ba. Nan rigima ke kaurewa tsakanin mutum biyu da kowannensu ke ganin ɗayan ne ɓarawo, alhali wanda ya haɗa su ya kashe waya.

Abin lura a nan shi ne ganin kaya kaɗai bai isa ba. Dole wanda ke riƙe da kayan ya faɗi farashi da bakinsa, ya ba da lambar asusu da hannunsa, kuma sunan da manhajar banki ta nuna kafin a tura ya dace da sunan da ke katin shaidarsa. Duk cinikin da aka ce kada a yi maganar kuɗi da wanda ke gabanka, akwai lauje cikin naɗi.

Mai sayarwa ma bai tsira ba

Matasa da yawa a wannan yanki masu sayarwa ne: hatsi, wake, raguna gab da babbar salla, ko tsohuwar waya da ake son canzawa. Su kuma makamin da ake amfani da shi a kansu shi ne alat na bogi. Saƙon tes zai shigo da sunan banki, ko a turo hoton rasit a WhatsApp mai ɗauke da tambari da kwanan wata. Duka biyun ana iya ƙirƙirar su cikin minti kaɗan. Inda sabis ke rawa, kamar yadda yake yi a ƙauyuka da dama, ɗan damfara na da uzuri a shirye: kuɗin sun fita daga wajensa, netwok ne ya riƙe su. Ana cikin haka mota na jira, direba na matsa oda.

Hujja ɗaya ce tak. Mai kaya ya buɗe manhajar bankinsa da kansa, ko ya danna lambar duba asusu, ya ga kuɗin sun ƙaru. Idan ta hannun mai POS aka biya, shi ma ya duba a na'urarsa. Kafin nan kaya ba su bar hannu ba, ko da mai sayen ya yi fushi.

Wani salon kuma shi ne a ce za a biya, amma sai an karanto wasu lambobi da suka shigo wayar mai kaya. Lambobin nan ko dai OTP ne na banki, ko lambobi shida na buɗe WhatsApp ɗinsa a wata wayar. Karɓar kuɗi ba ya buƙatar komai sai lambar asusu da sunan banki. Wanda aka ƙwace wa WhatsApp, da sunansa za a bi 'yan uwansa da abokansa ana neman rance, shi ya sa kunna matakin tsaro na biyu a manhajar yake da muhimmanci.

Idan wayar hannu ce ake saye

Ko an haɗu ido da ido, wayar da aka yi amfani da ita na da nata tarkon. A danna *#06# lambar IMEI ta fito, a gwada ta da wadda ke jikin kwali da rasit. Sannan mai wayar ya cire asusunsa na Google ko iCloud, a goge wayar gaba ɗaya a gabansa, a sa layi, a kunna data, a ga ta tashi lafiya. Wannan gwajin na tona wayar da aka kulle da asusun wani. A kuma tambaya ko ta bashi ce. Kamfanoni irin su M-KOPA da EasyBuy na ba da waya a biya kaɗan-kaɗan, kuma tana kulle kanta idan aka daina biya. Wani sai ya karɓa ya sayar, bayan 'yan kwanaki ta rufe a hannun wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Wayar da babu kwali, babu rasit, ga araha fiye da kima, tana iya zama ta sata. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa, kuma idan jami'an tsaro suka bi sawun waya, wanda ke riƙe da ita suke fara kamawa. A yankin da ake fama da fashi da garkuwa da mutane, bayanin yadda wayar wani ta zo hannun mutum ba ƙaramin aiki ba ne.

Maido da dillali

Shawarar da shafukan talla ke bayarwa, wato a haɗu a bainar jama'a, an tsara ta ne don mazauna birni. Ga mutumin Wagini ko Safana sai an ɗan gyara ta. Ba kowane kaya ne ya kai a hau hanya dominsa ba, kuma babu kayan da ya kai mutum ya bi baƙo zuwa bayan gari ko wani kango da kuɗi a aljihu. Idan za a haɗu, a haɗu da rana, a cikin kasuwa ko shagon wani sananne, tare da rakiya.

Idan kuma tafiyar ba ta yiwu ba, kusan kowane gida na da wani a Katsina ko Kano ko Abuja: ɗalibi, ɗan acaɓa, mai shago, direban da ke zirga-zirga. Shi zai je ya ga kayan, ya gwada, ya kira, sannan a tura kuɗi yana tsaye a wurin. Ɗan abin da za a ba shi na mai bai kai rabin abin da ake asara ba. Mai gaskiya ba ya ƙin a turo masa wakili. Wanda ya fara kawo uzuri, wai yana barikin soja ko ya yi tafiya, ya riga ya ba da amsa.

Kafin a kai ga haka ma akwai gwaji marasa tsada. A nemi kiran bidiyo, a ce ya nuna kayan yana juya su, ko ya rubuta wata kalma a takarda ya ɗora a kai. A sa hoton tallan a Google Lens a ga ko ya bayyana a wasu shafuka da wasu lambobi. A duba tsawon lokacin da asusun ya yi da abin da wasu suka ce a kansa, amma da sanin cewa ana sace tsofaffin asusun Facebook don wannan aiki. Sunan da Truecaller ke nunawa ma ba hujja ba ne, domin mai layi na iya sa wanda ya ga dama.

Idan ta riga ta faru

Kunya ce ke sa mutane da yawa yin shiru, kuma shirun ne ke ba ɗan damfara lokacin kwashe kuɗin. Abu na farko shi ne a kira banki ko kamfanin da aka tura kuɗin ta hanyarsa nan take, a ba da lambar shaidar tiransifa, a nemi su tuntuɓi bankin da ya karɓa. Wani lokacin ana samun riƙe asusun kafin a cire, amma sa'o'i kaɗan na iya raba samu da rashi. Kada a goge hirar. A ɗauki hoton tallan da lambobin waya da rasit, a kai ƙara ofishin 'yan sanda, sannan a kai rahoton tallan a shafin da aka gan shi. Hukumar EFCC na karɓar irin wannan ƙorafi, kuma idan banki ya yi mako biyu bai warware koke ba, ana iya kai shi sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya.

Dokar yaƙi da damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda ya karɓi dukiyar wani ta hanyar yaudara. Sai dai sau da yawa sunan da ke kan asusun ba na ɗan damfarar ba ne. Tun ƙarshen 2023 Babban Banki ya wajabta haɗa kowane asusu da BVN ko NIN, don haka masu wannan sana'a ke neman matasa su ara musu asusu, ko su buɗe sabo da sunansu a ba su 'yan dubbai. Ranar da bincike ya biyo sawun kuɗin, ƙofar mai BVN ɗin ake ƙwanƙwasawa.