The Magazine of Fantasy & Science Fiction

The Magazine of Fantasy & Science Fiction, wadda aka fi sani da gajeren suna F&SF, mujalla ce ta ƙasar Amurka da ke buga gajerun labaran almara da ƙagaggun labaran kimiyya cikin harshen Ingilishi. An fara buga ta a shekarar 1949, kuma tana cikin mujallun wannan fanni da suka fi daɗewa suna fitowa. Labaran almara su ne waɗanda ake ginawa a kan sihiri, fatalwa, dodanni da duniyoyin da babu su a zahiri. Ƙagaggun labaran kimiyya kuwa suna hasashen abin da ilimi da fasaha za su iya haifarwa, kamar tafiya sararin samaniya ko mutum-mutumi mai tunani. An san mujallar da haɗa nau'o'in biyu a wuri guda, da kuma ware shafuka na dindindin domin sharhin littattafai da fina-finai. Wannan haɗi na labari da sharhi ya sa ta zama wurin da ake buga sababbin ayyuka, kuma wurin da ake auna ingancinsu.

Yanayin da aka kafa ta

Kafin 1949 akwai mujallu biyu da suka yi suna wajen labaran almara a Amurka. Ta farko ita ce Weird Tales, wadda aka kafa a 1923, ta shahara da labaran ban tsoro na H. P. Lovecraft da labaran jarumta na Robert E. Howard. Ta biyu ita ce Unknown, wadda John W. Campbell ya shirya daga 1939 zuwa 1943, aka rufe ta saboda ƙarancin takarda a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Yawancin mujallun wancan zamani a kan takarda mai araha ake buga su, da zane mai ɗaukar ido a bango, kuma masana adabi ba su cika kula su ba.

Marubuta biyu, Anthony Boucher da J. Francis McComas, su ne suka kai shawarar kafa sabuwar mujalla ga Lawrence Spivak, mai kamfanin Mercury Press. Kamfanin ya riga ya yi nasara da Ellery Queen's Mystery Magazine, mujallar labaran binciken laifi da ke zaɓo labarai masu ingancin rubutu. Burinsu shi ne a yi wa labaran almara irin wannan gata. An ɗauki shekaru ana jinkiri kafin fitowa ta farko ta bayyana a ƙarshen 1949 da sunan The Magazine of Fantasy. Daga fitowa ta biyu aka ƙara ambaton labaran kimiyya a cikin sunan, kuma shi ne sunan da take amfani da shi har yau. A 1952 ta koma fitowa duk wata.

Siffar mujallar ta bambanta da ta takwarorinta. Girmanta kamar na ƙaramin littafi ne, rubutun yana tafiya a faɗin shafi ba tare da an raba shi gida biyu ba, kuma a farkonta babu zane-zane a tsakiyar labarai, babu filin wasiƙun masu karatu. George Salter, mai tsara bangon littattafai da ya yi hijira daga Jamus, shi ya tsara fasalinta.

Editoci da masu mallaka

McComas ya bar aikin a 1954, Boucher ya ci gaba shi kaɗai har zuwa 1958. A 1954 ɗin ne kuma Joseph Ferman ya sayi mujallar daga hannun Spivak. Robert P. Mills ya riƙe ta daga 1958 zuwa 1962, sai Avram Davidson daga 1962 zuwa 1964. Edward L. Ferman, ɗan Joseph, shi ne ya fi kowa daɗewa a kan kujerar, daga tsakiyar shekarun 1960 har zuwa 1991. Kristine Kathryn Rusch ta gaje shi, ita ce mace ta farko da ta zama editar mujallar, ta yi aiki har 1997. Gordon Van Gelder ya karɓa daga hannunta, daga baya kuma ya sayi mujallar daga iyalin Ferman. Charles Coleman Finlay ya zama edita a 2015, sai Sheree Renée Thomas a 2021, wadda ita ce baƙar fata ta farko da ta riƙe muƙamin.

Tsarin kowace fitowa

Kaso mafi girma na kowace fitowa labarai ne, kuma ana jera su bisa tsawonsu. A ma'aunin da manyan kyaututtukan fannin ke amfani da shi, gajeren labari shi ne wanda bai kai kalmomi 7,500 ba, matsakaici yana tsakanin 7,500 da 17,500, dogo kuma yana tsakanin 17,500 da 40,000. A shekarun baya mujallar takan buga cikakken littafi kashi-kashi a fitowa biyu ko uku. Edita yakan rubuta 'yar gabatarwa a saman kowane labari, yana bayanin marubucin ko asalin labarin, al'adar da ta samo asali tun zamanin Boucher da McComas.

A tsakanin labaran ake saka sauran filaye: sharhin littattafai, sharhin fina-finai, maƙalar kimiyya, waƙoƙi jefi-jefi, zanen barkwanci da gasar masu karatu. Gahan Wilson ya yi shekaru yana zana mata barkwanci mai gauraye da ban tsoro. A zamanin Van Gelder an ƙirƙiro fili mai suna "Curiosities" a shafin ƙarshe, inda wani marubuci kan gabatar da tsohon littafin da aka manta da shi.

Fitattun labarai

A ɓangaren almara, mujallar ta buga jerin labaran Manly Wade Wellman game da wani mawaƙi mai suna John da ke yawo a tsaunukan Appalachia yana karo da matsafa, waɗanda suka fara da "O Ugly Bird!" a 1951. Ta buga Three Hearts and Three Lions na Poul Anderson a 1953, da "One Ordinary Day, with Peanuts" na Shirley Jackson a 1955. Labarin Fritz Leiber mai suna "Ill Met in Lankhmar", wanda ya fito a 1970, ya lashe kyaututtukan Hugo da Nebula. A Oktoban 1978 ta buga "The Gunslinger" na Stephen King, na farko cikin labarai biyar da aka haɗa daga baya suka zama littafin farko na jerin The Dark Tower. A 2005 Peter S. Beagle ya fitar da "Two Hearts", ci gaban littafinsa The Last Unicorn. Labarin Ken Liu, "The Paper Menagerie", wanda ya fito a 2011, ya haɗa kyaututtuka uku: Hugo, Nebula da World Fantasy.

A ɓangaren kimiyya akwai "A Canticle for Leibowitz" na Walter M. Miller Jr. a 1955, da "Flowers for Algernon" na Daniel Keyes a Afrilun 1959, labarin wani mai ƙarancin fahimta da aka yi wa tiyata ya zama haziƙi na ɗan lokaci. A shekarar ce kuma aka buga Starship Troopers na Robert A. Heinlein kashi-kashi da sunan "Starship Soldier". "Harrison Bergeron" na Kurt Vonnegut ya fito a 1961, sai "A Rose for Ecclesiastes" na Roger Zelazny a 1963. Boucher ne ya fara sayen labari daga hannun Philip K. Dick, wato "Roog", wanda aka buga a 1953.

Sharhin littattafai

Boucher ƙwararren mai sharhi ne tun kafin kafa mujallar, kuma ya daɗe yana sharhin littattafan binciken laifi a jaridar The New York Times. Shi da McComas suka buɗe filin "Recommended Reading", inda ake nuna wa mai karatu littattafan da suka cancanci ya saya. A nan Boucher ya yi sharhin The Lord of the Rings na J. R. R. Tolkien a tsakiyar shekarun 1950, tun littafin bai yi suna a Amurka ba. Ya yaba masa ƙwarai, duk da cewa ya nuna wasu sassa sun yi tsawo fiye da kima.

Muhimmancin wannan fili ya zo ne daga halin da fannin ke ciki. Manyan jaridu ba su cika ware wa labaran almara da na kimiyya wuri ba, don haka mai karatu da mujallun fannin ya dogara wajen sanin abin da ya fito da kuma abin da ya dace da kuɗinsa. Marubuta ma a nan suke jin hukuncin takwarorinsu, domin yawancin masu sharhin su ma marubutan labarai ne.

Wannan kusanci ya haifar da saɓani a wasu lokuta. Damon Knight, wanda ya yi fice wajen auna labaran fannin da ma'aunin da ake auna kowane adabi, ya ajiye aikin sharhi a 1960 bayan mujallar ta ƙi buga sharhinsa a kan littafin Judith Merril mai suna The Tomorrow People. Alfred Bester ya riƙe filin daga 1960 zuwa 1962. Merril ɗin kanta ta karɓa daga 1965 zuwa 1969, ta yi amfani da shi wajen tallata sabon salon rubutu da ke tasowa a Ingila ta hanyar mujallar New Worlds, abin da ya raba kan masu karatu.

Joanna Russ, wadda malamar jami'a ce kuma marubuciya, ta yi sharhi a mujallar daga shekarun 1960 zuwa 1980. A 1979 ta soki littattafan almarar jarumta da suka cika kasuwa bayan nasarar Tolkien, tana ganin suna sayar wa mai karatu mafarkin da babu canji ko girma a cikinsa. Masu karatu sun aiko da wasiƙun ƙorafi, ita kuma ta mayar da martani da maƙala tana kare haƙƙin mai sharhi na yanke hukunci. Algis Budrys ya riƙe babban filin sharhi daga 1975 zuwa farkon shekarun 1990, kuma yakan mayar da sharhin littafi guda ya zama darasi a kan sana'ar rubutu da harkar ɗab'i. An tattara sharhohin Russ da na Budrys an buga su a matsayin littattafai.

A 1987 Orson Scott Card ya fara filin "Books to Look For", wanda Charles de Lint ya gada a shekarun 1990. Tsarin wannan fili ya karkata ga gabatar da littattafan da mai sharhin ya ji daɗinsu, maimakon sukar waɗanda ba su gamsar da shi ba. Daga nan mujallar ta riƙa tafiya da filaye biyu a fitowa guda, ɗaya na shawara, ɗaya na nazari mai zurfi, wanda marubuta irin su Elizabeth Hand, Michelle West da James Sallis suka riƙa karɓa-karɓa a kai.

Fina-finai da kimiyya

Baird Searles ya yi sharhin fina-finai a shekarun 1970 zuwa farkon 1980, sannan Harlan Ellison ya karɓa da filinsa "Harlan Ellison's Watching", wanda aka sani da zafin harshe. Daga baya Kathi Maio da Lucius Shepard suka ci gaba.

Filin da ya fi kowanne daɗewa a hannun mutum guda shi ne maƙalar kimiyya ta Isaac Asimov. Ya fara ta a Nuwamban 1958, ya ci gaba ba tare da tsallake fitowa ba har Fabrairun 1992, inda ya rubuta maƙaloli 399. Ya rasu a Afrilun wannan shekarar. An tattara maƙalolin a littattafai da dama, kuma sun shafi lissafi, ilimin taurari, ilimin sinadarai da tarihin kimiyya.

Kyaututtuka da tasiri

Mujallar ta lashe kyautar Hugo ta mujalla mafi inganci sau takwas: a 1958, 1959, 1960, 1963, sannan shekaru huɗu a jere daga 1969 zuwa 1972. Edward Ferman, Rusch da Van Gelder duk sun samu kyautar Hugo ta edita. Tun daga 1962 takan keɓe fitowa ta musamman ga marubuci guda, ta haɗa sabon labarinsa da nazari a kan ayyukansa da jerin abin da ya wallafa. Theodore Sturgeon aka fara karramawa da haka, sai Ray Bradbury a 1963. A Faransa an yi mujallar Fiction daga 1953 zuwa 1990, wadda ta fara a matsayin bugun Faransanci na F&SF, ta kuma buɗe ƙofa ga marubutan ƙasar.

A shekarun baya-bayan nan mujallar ta ƙara buga ayyukan marubuta daga wajen Amurka da Turai. Cikinsu akwai 'yan Najeriya, Wole Talabi, wanda labarinsa "The Regression Test" ya fito a 2017 ya kuma lashe kyautar Nommo, da Dare Segun Falowo.

Halin da take ciki

Kamar sauran mujallun takarda, F&SF ta yi fama da raguwar masu saye da tsadar ɗab'i da kuɗin aikawa ta gidan waya. A 2009 ta koma fitowa sau ɗaya a wata biyu, tare da ƙara yawan shafuka. Mujallun intanet irin su Strange Horizons, Clarkesworld da Beneath Ceaseless Skies suna ba da labarai kyauta, kuma masu karatu suna samun sharhin littattafai a wurare da yawa nan take, abin da ya rage dogaro da filin sharhi na mujalla. A 2025 kamfanin Must Read Magazines ya saye ta tare da takwarorinta Asimov's Science Fiction da Analog.