Gemu Ba Ya Hana Ilimi, Me Ya Hana Dattawa Shiga Aji?

A ƙasar Hausa, dattijo mai furfura da ke zaune gaban malami a zaure bayan sallar asuba yana biya Risala ba abin mamaki ba ne. Amma da zarar ya ɗauki fensir zai koyi a, ba, ca, sai a fara ƙus-ƙus: me tsoho zai yi da boko?

Alhali koyar da manya ba baƙon abu ba ne a nan. Tun ƙarni na 19 Nana Asma'u, 'yar Shehu Usman Ɗan Fodiyo, ta kafa 'Yan Taru. Takan horar da mata dattijai, waɗanda ake kira jaji, su koma ƙauyukansu su karantar da matan aure. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, inda Malam Ahmadu Coomassie ya yi fice, hukumar NORLA ta Zariya kuma tana buga wa sababbin makaranta littattafai da jaridu. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, sannan gwamnatin tarayya ta kafa tata a 1990.

Buƙatar ta fi tsanani yau. Fansho ta banki ake biya. Tsohon da bai iya karanta saƙon waya ba dole ya miƙa katin ATM da lambar sirrinsa ga wani yaro, kuma nan ne 'yan damfara ke samun ƙofa. Haka mai hawan jini ko ciwon suga da ba ya iya duba abin da aka rubuta a jikin kwalin magani. Wannan ba ƙaramar tawaya ba ce ga mutumin da ya ciyar da gida shekara arba'in.

Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta rufe ƙofa. Hadda takan yi wa dattijo nauyi, amma fahimta na nan daram. Tsohon shugaban ƙasa Obasanjo ya kammala digirin digirgir a jami'ar karatu daga gida, NOUN, yana da shekara 80.

Abin da ya fi kawo cikas shi ne tsarin ajin. Bayan shekara 40 ido kan gaza ganin ƙananan haruffa, don haka ana buƙatar tabarau da littafi mai manyan baƙaƙe. Ana buƙatar lokacin da bai ci karo da gona ko kasuwa ba, da malamin da ake biya albashinsa a kan kari, wanda ya san ba a yi wa sa'an mahaifinsa tsawa a gaban jama'a.