Izinin Shiga Intanet: Ƙofar Da Ba A Tambayar Mai Waya Kafin A Buɗe

Duk wanda ya saba da wayar hannu mai aiki da tsarin Android ya san cewa idan wata manhaja tana son amfani da kyamara, ko makirufo, ko lambobin mutanen da ya adana, sai ta tsaya ta nemi yardarsa. Amma akwai izini guda wanda ba a tambayarsa, watau izinin shiga intanet, alhali ta nan ne duk abin da manhajar ta tattara yake fita daga wayar.

Asalin al'amarin yana cikin yadda ake gina manhajar. Tun daga shekarar 2008 da Android ya fito kasuwa, wajibi ne kowace manhaja ta zo da wani ɗan fayil mai suna AndroidManifest.xml, wanda ya yi kama da takardar lissafin kaya da direban babbar mota yake miƙa wa jami'an kwastan a bakin iyaka. A cikinsa ne mai manhajar yake bayyana sunanta da sassanta da dukan izinin da take bukata. Na intanet layi ɗaya ne tak, ana rubuta shi android.permission.INTERNET. Idan magini ya manta da wannan layi, to, komai kyawun aikinsa, manhajar ba za ta iya buɗe hanyar sadarwa da kanta ba.

Dalili kuwa shi ne Android an ɗora shi ne a kan tsarin Linux, inda ake ba kowace manhaja lambar shaida tata, a killace ta daga sauran. A shekarun farko, wadda ta rubuta wancan layi sai a shigar da ita cikin wata ƙungiya mai lamba 3003, wadda ba ta ciki kuwa tsarin ya hana ta fita. Daga baya an sake dabarar tsaron ƙofar, amma sharaɗin rubuta layin yana nan.

A da, kafin mutum ya sauke manhaja, akan jera masa dukan abin da take nema, har da intanet, ya karɓa baki ɗaya ko ya haƙura da ita. A shekarar 2014 kamfanin Google ya taƙaita wannan jeri a kasuwarsa ta Play, ya ɗauke intanet daga abin da ake nunawa a fuskar farko. Da Android 6.0 ya fito a 2015, sai aka raba izini kashi biyu. Akwai masu haɗari, irin su kyamara da sanin wurin da mutum yake, waɗanda ake tambaya lokacin da za a yi amfani da su, kuma ana iya janye su. Akwai na yau da kullum, waɗanda ake bayarwa kai tsaye da zarar an girka manhaja. Intanet a kashi na biyu aka sa shi.

Masu goyon bayan wannan tsari suna da hujja. Kusan kowace manhaja tana neman intanet, kuma gargaɗin da ake gani kullum ba a daɗe ba ake daina karanta shi. Sa'an nan manhajar da aka hana tana iya zagayawa, ta aiki manhajar bincike ta buɗe mata wani adireshi, ta saƙala bayanin da take so ta fitar a jikinsa. Amma fa ba za a ƙi lura ba cewa yawancin kuɗin shigar Google daga talla suke zuwa, kuma tallar da ke cikin manhajojin kyauta ta intanet take isowa. Da an ba kowa makullin ƙofar, da wannan ciniki ya girgiza.

Abin da ke iya biyo baya ya fito fili a watan Disamba na 2013, lokacin da Hukumar Kula da Ciniki ta Tarayyar Amurka ta tuhumi kamfanin Goldenshores Technologies, mai wata manhajar tocila da ake kira Brightest Flashlight Free. Miliyoyin mutane sun sauke ta domin haska hanya da dare, ita kuwa tana aika wa 'yan talla ainihin wurin da suke da lambar shaidar wayoyinsu, ba tare da ta yi musu cikakken bayani ba. Ƙarshe dai kamfanin ya yi sulhu da hukumar.

A wajen Apple ma haka abin yake, har ya ɗara, domin manhajar iPhone ba ta bukatar rubuta komai kafin ta shiga intanet. Sai dai tun daga 2013 mai waya yana iya hana wata manhaja cin datarsa ta layin waya, kuma daga 2020 dole ta nemi izini kafin ta leƙa sauran na'urorin da ke kan hanyar sadarwa ta cikin gida ko ofis. Wayoyin iPhone da ake sayarwa a ƙasar Sin su kam suna tambayar mai su tun farko ko ya yarda manhaja ta yi amfani da data.

A ɓangaren Android, wasu kamfanonin ƙera waya sun ƙara nasu makullin a cikin saiti, haka kuma tsarin GrapheneOS ya mayar da intanet izinin da mai waya ke iya janyewa daga kowace manhaja idan ya ga dama.