A SAN NAMUN DAJIN DA KE YAWO DA DARE

A ƙasashen Madawa da Buza da Keita, kusan kowane gida yana da bisashe: awaki, tumaki, jakai, kaji da zabi. Su ne ajiyar talaka. In hatsi ya ƙare, a kai akuya kasuwa a sayo gero. Saboda haka, in wani abu ya shiga garke da dare ya ɗauke ɗan akuya, babbar asara ce ga mai gida.

Da safe sai gardama ta tashi. Wannan ya ce kura ce, wancan ya ce dila ne, wani kuma ya ce damisa ce. Wanda bai san ɓarawonsa ba, bai san yadda zai tsare dukiyarsa ba. Ga hanyoyin da ake gane su.

WAƊANNE NE SUKA RAGE?

Tsofaffi suna ba da labarin zamanin da ake jin kukan zaki da damisa a dajin Adar. Wannan zamani ya wuce. Mutane sun yi yawa, gonaki sun cinye daji, fari na 1973 da na 1984 ya kashe itatuwa da namun da suke ci. Zakunan da suka rage a Nijar suna can gandun dajin W, a kudu maso yammacin ƙasa, nesa ƙwarai da jihar Tawa. Wanda ya ga idanu biyu a bayan gari, kada ya ta da hankalin jama'a da cewa zaki ne.

Amma daji bai mutu ba. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, ƙasar Buza, don tare iska. A 1984 aka soma babban aikin raya karkara na Keita, aka dasa miliyoyin itatuwa, aka yi madatsun ruwa. Inda itace da ruwa suka komo, zomo da ɓera da tsuntsaye sukan komo. Masu cinsu kuma sukan biyo su.

DILA. Shi ne aka fi gamuwa da shi. Ya yi kamar ƙaramin kare, launinsa kamar ƙasa, bakinsa tsini, wutsiyarsa mai gashi da yawa, ƙarshenta baƙi. Nauyinsa daga kilo 7 zuwa 15. Yakan yi yawo shi kaɗai, ko namiji da mace tare. Kukansa siriri ne mai tsawo, bayan magariba ko da asuba. In ɗaya ya fara, sauran su amsa daga nesa. Yana ɗaukar ƴaƴan awaki da na tumaki da kaji. Ba ya iya ka da babbar dabba mai lafiya.

KURA. Kura iri biyu ce. Akwai mai dabbare-dabbare, ita ce mai kuka da ƙarfi kamar dariya. Ta yi wuyar gani yanzu a ƙasashen noma. Akwai kuma mai zane-zane a jiki, wadda ake kira sayaki. Tana da dogon gashi a gadon baya, tana son kogunan duwatsu, ba ta cika kuka ba. Yawancin abincinta mushe ne da ƙashi. Ana gane kura da tafiyarta: gabanta ya fi bayanta tudu, kamar mai ɗingishi.

YANYAWA. Ƙarama ce, ba ta kai kilo 4 ba. Kunnuwanta manya, launinta kamar rairayi. Tana haƙa ramu a tudu. Tana cin fara da ɓera da ƴaƴan itace, wani lokaci ta saci kaza.

MUZURUN DAJI. Kamar kyanwar gida yake, amma ƙafafunsa sun fi tsawo. Kaji da tantabaru yake nema.

DAGE. Gajere ne, bayansa fari-fari, cikinsa baƙi. Yana fasa amya don zuma. Ba shi da tsoro, kada a tare masa hanya.

KAREN DA BA SHI DA MAI SHI. Kada a manta da shi. Sau da yawa ɓarnar da ake ɗora wa dila, karnukan gari ne suka yi ta. Sukan haɗu da yawa, su ciji tumaki da dama a ƙafafu da gindi, su bar su ba su ci ba. Dila kuwa guda yake kamawa a maƙogwaro, ya tafi da shi ko ya ci a wurin.

IDANU CIKIN DUHU

In aka haska tocila, idanun dabba sukan yi ƙyalli. Ba tsafi ba ne, ba aljani ba ne. A bayan idon dabbobin dare akwai wani abu kamar madubi, shi ke maido da haske. Idon akuya da na kare da na kyanwa duk suna yin haka. Don haka launin ido kaɗai ba ya nuna ko wace dabba ce.

A dubi abu uku. Na farko, tsayin idanu daga ƙasa: na yanyawa da muzuru suna ƙasa-ƙasa, na dila wajen gwiwar mutum, na kura sun fi haka tudu. Na biyu, yawansu: idanu da yawa wuri ɗaya, ba sa motsi, galibi bisashe ne da suka ɓata. Na uku, halin dabbar: dila yakan tsaya ya duba, ya ruga kaɗan, ya sake waiwayowa. Zomo kuwa ido ɗaya ja ake gani daga gefe, sai ya yi tsalle.

SAWU DA SAFE

Sawu ba ya ƙarya. Kafin yara da bisashe su tattake wurin, a je a duba.

Sawun dila da na kare da na yanyawa suna da yatsu 4, ana ganin alamar farce a gaba. Na dila ya fi na kare tsukewa, kuma yana bin layi sosai, na kare kuwa yana kai da kawowa.

Sawun muzuru zagayayye ne, ba a ganin farce, domin dangin kyanwa suna maida farcensu ciki in suna tafiya.

Sawun kura babba ne, akwai farce, kuma na ƙafar gaba ya fi na baya girma. Kashinta yakan yi fari kamar alli in ya bushe, saboda ƙashin da take ci.

IN AN YI KICIƁIS

Waɗannan dabbobi suna tsoron mutum fiye da yadda mutum ke tsoronsu. Amma akwai ƙa'ida:

1. Kada a gudu. Gudu shi ke sa dabba ta bi mutum.
2. A ɗauki ƙaramin yaro, a tara sauran a bayan babba.
3. A tsaya tsaye, a ɗaga sanda, a yi ihu, a buga ƙwarya ko gwangwani, a yi jifa.
4. A ja da baya sannu-sannu, ana fuskantar dabbar.
5. A bar mata hanyar fita. Dabbar da aka rutsa ita ke cizo.
6. Kada a sa hannu cikin rami, kada a ɗauko ƴaƴan dabba a kawo gida.

Ba a nan kaɗai ake fama da wannan ba. A Amurka akwai wani ɗan uwan dila da suke kira koyoti, da wata babbar kyanwa mai kama da damisa marar dabbare, sunanta fuma. Makiyayan can ma suna asarar tumaki. Shawarar da ake ba su ita ce wannan: kada a gudu, a ɗauki yara, a yi hayaniya.

HAUKAN KARE

Babban haɗari ba girman dabba ba ne, ciwon da take ɗauke da shi ne. Dila ko kare da ya shigo gari da rana tsaka, ba ya tsoron kowa, yana dalalar da miyau, yana cizon duk abin da ya tarar, ana zaton yana da ciwon hauka. A nisance shi, a sanar da mai gari da likitan dabbobi.

In ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin nan take da ruwa da sabulu har minti 15. Kada a ɗaure, kada a zuba toka ko barkono. A kai shi gidan likita ran nan, ko da ciwon ƙarami ne. Akwai allurar rigakafi, tun 1885 aka fara yin ta a Faransa. Tana aiki in an yi ta da wuri. In aka jira har alamun ciwon suka bayyana, babu magani. A duniya wannan ciwo yana kashe mutane kimanin 59.000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. A yi wa karnukan gida allura.

TSARON BISASHE

Rigakafi ya fi magani. A shigar da bisashe kafin magariba, a ƙirga su. A yi shinge mai kauri da ƙaya, a toshe ƙasansa, domin dila ta ƙasa yake kutsawa. Ƴaƴan awaki da na tumaki su kwana cikin gida. Akurkin kaji ya zama da murfi. Dabbar da ta mutu a binne ta da zurfi, nesa da gari, domin warin mushe shi ke kiran kura da dila. Kada a aiki yaro ƙarami shi kaɗai neman akuya da dare.

KADA A SA GUBA

Wasu sukan zuba guba a kan mushe. Wannan mummunar dabara ce. Guba ba ta zaɓe: tana kashe angulu da karen gida, tana iya kashe yaro. Dokar farauta ta Nijar, ta shekarar 1998, ta hana yin haka. Kuma dila da yanyawa da muzuru suna da amfani, su ke cinye ɓeraye da fara masu ɓarna a gona. Inda aka ƙarar da su, ɓera ke yin sarauta a rumbu.

In wata dabba ta matsa wa gari da ɓarna, a gaya wa mai gari, shi kuma ya sanar da ma'aikatan gandun daji na Madawa ko Buza ko Keita. Aikinsu ne.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa da makiyayin gidansa.