Kafin ka sake na'urar ɗaukar hoto

Ɗan'uwa mai karatu, ko ka tuna lokacin da ɗaukar hoto sai da shiri? Mutum ya yi wanka, ya sa rigar salla, ya shiga mota daga Bambeye zuwa Tawa. Mai hoto ya tsaida shi gaban labule, ya ce kar ya motsa. Bayan haka sai jira, don sai fim ya cika, hoto 24 ko 36, kana a wanke shi. In ka rufe ido lokacin da anka ɗauka, ba ka sani sai ranar da ka zo karɓa. Kuɗɗi kuwa sun riga sun tahi.

Yau abin ya sake. Kamara tana cikin salula, salula tana cikin aljihu. A nan Adar hoto ya zama wasiƙa, don da wuya ka samu gidan da ba shi da wani a Abijan, ko Legas, ko Libiya. An yi haihuwa, a aika hoton jariri. Hatsi ya yi kai, a aika hoton gona. Wanda ya aiko kuɗɗin gini yana so ya ga inda ɗaki ya kai. Shi ya sa a ajinmu na karatun manya ake yawan tambayata: "Malam, tawa ta tsufa, wace zan saya?" Ban taɓa ba kowa sunan guda ba. Abin da nake faɗi musu shi ne zan faɗa maka.

Ɗauki kwalin salula ka karanta, tunda yanzu ka iya. Za ka ga lamba da baƙaƙe biyu a gefenta: 13 MP, ko 50 MP, wata ma 108 MP. Wagga lamba ita mai shago zai fara nuna maka. MP na nufin megapikisel. Hoton zamani ɗige-ɗige ne ƙanana da anka jera kamar saƙar tabarma. Ɗigo miliyan ɗaya shi ne megapikisel ɗaya. Ke nan 13 MP ɗigo miliyan 13 ne.

Kamara ta farko mai irin wanga aiki, wadda ba ta bukatar fim, an haɗa ta a Amurka a shekarar 1975. Wani injiniya ne mai suna Steven Sasson ya haɗa ta a kamfanin Kodak. Nauyinta ya wuce kilo 3 da rabi. Ɗigonta dubu 10 ne kacal, hotonta baƙi da fari, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta ajiye hoto guda a kan kaset. A wancan zamani ƙarin ɗigo ƙarin kyau ne, babu musu. Amma an daɗe da wuce nan. Hoton da ake wankewa a ba ka a hannu, mai santimita 10 da 15, ɗigo miliyan 2 da ƴan kai sun ishe shi. In kuma ta WhatsApp za ka aika, shi da kansa yake rage hoton don ya tahi da sauri. Ɗanka da ke Abijan ba ya ganin ɗigo miliyan 50 ɗin da ka biya kuɗɗinsu.

To, in ba yawan ɗigo ba, me ke sa hoto kyau? Haske ne. Bayan idon kamara akwai wani ɗan allo ƙarami, shi ke kama hasken da ya shigo. Ka san aikin tassa, ramukan da muke haƙawa a fako don su tare ruwan sama. Ɗauki allon nan kamar fili, kowane ɗigo kuma ramin tassa, haske shi ne ruwa. In fili ƙarami ne ka ce sai ka yi rami dubu a ciki, dole kowane rami ya zama kamar ƙoƙo. Ranar ruwa mai yawa duk za su cika. Ranar yayyafi fa? Kowane sai ya samu ɗan danshi. Haka kamara take. Da tsakar rana kowace kamara gwana ce. Sai bayan magariba, ko cikin ɗaki, ake gane mai babban allo da ido mai kyau. Masu ƙera salula sun san haka. Da yawa daga masu 48 MP ko 50 MP suna haɗa ɗigo huɗu su zama ɗaya don haske ya isa, sai hoton ya fito da wajen 12 MP. Lamba babba tana kan kwali, aiki kuma da ƙarama ake yin shi.

Saboda haka kar ka yarda a gwada maka kamara a bakin shago cikin rana. Ka shiga da ita can ƙurya inda haske ya yi ƙaranci. Ka tahi da wanga littafi da ke hannunka, ka buɗe shafi ɗaya, ka ɗauki hotonsa. Sai ka buɗa hoton da yatsu biyu ka duba baƙaƙe. Kana iya raba ƙ da k? Lanƙwasar ɗ ta fito, ko ta narke ta zama d? In ba ka iya bambanta ƙafa da kafa a cikin hoton ba, mayar masa da abinsa, ko lamba nawa anka rubuta. Wanga gwaji ba wasa ba ne. Yau ana aika takardar haihuwa ta hoto, da takardar likita, da rasit na kuɗɗin da anka turo. Lamba ɗaya in ta dushe, 3 ta koma kamar 8, sai mutum ya sha tafiya a banza.

Bayan rubutu sai fuska. Ka sa abokin tafiyarka ya tsaya cikin inuwa da farar rigarsa, ka ɗauke shi. Wata kamara sai ta fidda riga fes, ta bar fuska baƙi ƙirin, ba ka ganin komi sai haƙora. Wata kuma sai ta goge fuskar ta yi fari, har uwar mutum ta kasa gane shi. Shekaru da yawa masu ƙera fim da kamara da farar fata suke auna kayansu. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai yin Tecno da Itel da Infinix, ya yi suna a Afirka, kuma cikin dalilan har da gyara kamara don ta dace da baƙar fata. Amma ko a cikin kayan kamfani ɗaya akwai mai kyau akwai mai dama-dama. Idonka ne alƙali.

Ka juya bayan salular kuma. Wata za ka ga idanu uku ko huɗu. Rufe su da yatsa ɗaya bayan ɗaya kana kallon fuskar waya. A masu araha sau da yawa ido ɗaya ne ke ɗaukar hoton, sauran ɗan taimako ne ko ado. Haka batun zum, wato jawo abin nesa ya zo kusa. Zum iri biyu ne. Akwai na gilashi, wanda ke jawo abu da gaske. Akwai wanda yanka hoton kawai yake yi ya buɗa shi, kamar ka ja roba. Na biyun shi ne a yawancin salula. In kana so ka nuna wa malamin gona tsutsar da ta kama zangarniya, matsa kusa da ƙafarka, ya fi.

Sai abin da ba a rubutawa da manyan baƙaƙe: batir da wurin ajiya. A ƙauye caji ba kyauta ba ne. Ko ka biya mai caji, ko ka jira farantin hasken rana. Kamarar da ke mutuwa tsakiyar ɗaurin aure ba ta da amfani, ko da hotonta ya fi na kowa. A kan kwali nemi lamba mai mAh a gefenta, ita ce girman batir: 5000 ta fi 3000 jimiri. Wurin ajiya kuma da GB ake rubuta shi, muna ce masa jiga. Bidiyo ne ke cinye shi, hoto bai cika ci ba.

A nan bari in ba ka labarin kaina. Na taɓa sayen katin memori wurin wani mai tebur a kasuwar Tawa ranar Lahadi. An rubuta 64 GB a jikinsa, kuma arha ƙwarai. Na yi murna, na ce na yi sa'a. Na ɗauki hotunan sunan ɗiyata, da na ɗalibaina ranar da sunka karɓi takardar shaida. Bayan wata biyu na buɗe, rabinsu ba su buɗuwa. Wani yaro mai gyaran waya ya duba ya ce: "Baba, wanga kati na ƙarya ne, cikinsa bai kai abin da anka rubuta ba. In ya cika sai ya dinga taka na baya." Hotunan nan ba su dawo ba. Tun daga ranar, hoton da nake so ƙwarai sai in aika wa ƙanena ya ajiye, wasu kuma in kai a wanke su a takarda.

Akwai wanda ya kamata ya wuce salula. Shi ne mai son ya mai da hoto sana'a: biki, suna, hoton katin ɗan ƙasa, taron ƙungiya. Shi kam kamara ta sosai ta fi masa, irin su Canon, Nikon ko Sony, masu babban allo da ido da ake cirewa a sa wani. Tsohuwa mai lafiya ta ishe shi farawa, kuma ta fi sabuwar salula aiki cikin dare. Sai dai ya yi lissafi duka. Kuɗɗin kamara ɗaya ne. Akwai batir na biyu, da abin cajinsa, da jaka, da wurin wanke hoto. Ya tabbata ana samun irin batirinta a Tawa ko Ƙonni, don kowace da nata. Ya yi hattara da ƴan ƙananan kamarorin nan na aljihu da ke zuwa cikin kayan gwanjo. A shekarar 2010 kamfanonin Japan sun fidda kamara wajen miliyan 121. A 2020 ba su kai miliyan 10 ba, don salula ta karɓe kasuwar. Da yawa cikin ƙananan an bar ƙera su, in wani abu ya lalace a jikinsu da wuya a samu madadinsa.

Ƙura ce babbar abokiyar gabar irin wagga kamara. Lokacin hunturu kar a cire mata ido a fili, don ƙura in ta sauka kan allo sai kowane hoto ya fito da tabo a wuri guda. Zafi kuma yana kashe batir. A watan Afirilu da Mayu kar ka bar ta cikin rana, ko a ƙarƙashin kujerar babur. Batir in ya kumbura, bar aiki da shi nan take, yana iya kama wuta.

Amma kafin ka saida tunkiya, dubi wadda ke hannunka da kyau. Wata rana wata ɗalibata, dattijuwa, ta kawo mini tata. Ta ce: "Malam, ta makance, komi hazo-hazo." Na duba idon, sai na ga mai ne da ƙura sunka rufe shi. Na goge da gefen ƙyalle mai laushi, ta ɗauka, ta yi dariya. Na nuna mata abu uku: ta juya wa rana baya, ta riƙe da hannu biyu, ta taɓa fuskar mutum a jikin waya kafin ta danna. Har yanzu da ita take aika wa jikokinta hoto. Canji yana zama dole in gilashin ido ya tsage, ko batir ya bar riƙe wuta kuma ba a samun irinsa, ko rubutu ya ƙi fitowa bayan ka goge.

In ka sayi sabuwa, kar ka miƙa tsohuwar ga mai saye haka nan. Cikinta akwai fuskokin iyalinka, da matan gida, da hoton katinka da takardunka. Ka fara kwashe hotuna zuwa sabuwa, ka buɗe su ka ga sun iso. Ka cire katin memori da layinka. Sannan ka sa wanda ka yarda da shi ya goge komi a gaban idonka, ta koma yadda ta fito daga kwali, kana ka karɓi kuɗɗinka.